Baba Takalmi Ɗaya da Birkin Motar Ƙwai

Kafin ya buɗe ƙofar gareji, Baba Takalmi Ɗaya yakan fara share gabanta, yana tsince ƙusoshi da guntayen waya ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da zai wuni da ƙafa guda a ƙasa dole ya san abin da ke kwance a ƙasan. Daga nan sai ya ja bencin baƙi zuwa inuwa, ya ɗora butar shayi a kan risho, ya shimfiɗa tsumma ya jera sifanoninsa daga ƙarami zuwa babba, sannan ya zauna yana jiran motar farko ta shigo da ƙorafinta. Haka na same shi tun ina da gashi a tsakiyar kai, haka kuma yake har watan jiya da ya ajiye aiki.

Ga wanda bai san shi ba, ga asalin sunan. Duk motar da aka kawo masa, ko hon kawai aka zo gyarawa, ba ta fita sai ya shiga ya zauna a kujerar direba, ya tuɓe takalmin dama, ya ɗora tafin ƙafarsa tsirara a kan birki. Sai ya lumshe ido, ya taka a hankali kamar mai gwada zurfin ruwa. Yakan ce takalmi yana ɓoye rabin labarin da birki ke bayarwa. Matsalar ita ce da zarar ya gama ji sai hankalinsa ya koma kan gyara, ya sauko yana ɗingishi, takalmin kuma ya bi mai mota gida. Babu direban da ke unguwarmu da bai taɓa juyowa daga hanya don ya mayar masa da shi ba. Mai ɗakinsa ta gaya wa matata cewa duk zaman aurensu ba ta taɓa ganin takalmansa sun tsufa tare ba: na hagu ya cinye har ya buɗe baki, na dama yana nan kamar jiya aka sayo shi.

Ni dai abin da na sani a mota bai wuce inda ake zuba mai ba, shi ma sai na leƙa na tabbatar ko dama ne ko hagu. Amma ina da wata tsohuwar mota da ta fi son garejin Baba a kan ƙofar gidana, don haka na samu gurbi na dindindin a bencinsa, har matata ta taɓa tambaya ko a kai mini katifa can. Daga kan bencin nan na ga abubuwa. Na ga ya zare mukullin wani mutum da ke gaggawar tafiya da iyalinsa, ya sa a aljihu, ya ce ya zage shi yau ya gode masa gobe. Mutumin ya yi zagin kuwa, mai kyau, godiyar ma ya dawo ya yi. Mai faci da ke maƙwabtaka da shi ya ba ni labarin ranar da Baba ya bi wata motar 'yan makaranta a kan babur, don kawai ƙarar da ya ji ta yi a kwana ba ta yi masa daɗi ba. Irin waɗannan suna da yawa, kowa da nasa. Ni wanda zan bayar shi ne na ƙarshe, don a gabana aka yi, kuma na gidanmu ne.

Yayan matata direba ne, ana kiransa Sannu-Sannu. Sunan bai zalunce shi ba: mai keke yakan wuce shi, ya waiwayo ya gaishe shi. Yana tuƙa wata tsohuwar a-kori-kura ta wata mata mai gonar kaji, wadda kowa ke kira Mai Ƙwai, yana raba ƙwai a shaguna. A kan sitiyarin motar nan gemunsa ya yi fari, bai taɓa fasa ko kiret guda ba. Da aikin nan yake riƙe gidansa, da shi yaransa ke zuwa makaranta, kuma a shekarunsa ba wanda zai ba shi wata motar in ya rasa wannan.

Wata rana da rana tsaka ya gangaro ɗan tudun da ke gaban wani shago, mota cike da lodi. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya taka birki, motar ta yi kamar ba da ita ake ba, ta ci gaba da tafiyarta har ta je ta gaisa da katangar shagon. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni. Fitila guda ta fashe, gaban ya lotsa. Ƙwai kuwa, ƙudajen layin sun kwana biyu suna yi wa direban addu'a.

Abin da ya ɗaure shi shi ne, mako guda kafin hatsarin aka sake wa motar birki gaba da baya, sabo fil, har da sabon man birki. Washegari da safe mai gyaran birkin ya zo ya gwada ta a gaban Mai Ƙwai, yana takawa tana tsayawa cak. Ya sake, ta sake tsayawa. Sannu-Sannu ya rantse cewa shi a ƙarƙashin ƙafarsa birkin ya zama dutse, ya ƙara da cewa injin ma ya kwana biyu yana tari, kuma ya mutu a daidai gangaren. Wannan ƙarin ne ya ɓata komai. Mai Ƙwai ta ce ana maganar birki ya tsallaka ya kamo inji, me ya haɗa su? Ta ce da ya ce mata gyangyaɗi ya yi, da ta haƙura, kowa yana gajiya. Asarar ƙwan ba ta dame ta ba kamar a ce mutumin da ta amince wa duk shekarun nan ya dubi idonta ya shirga mata ƙarya. Ta karɓi mukulli, ta ce ya je gida ya huta kafin ta ga yadda za a yi. Duk mun san ma'anar wannan hutun.

Ya zauna a gida ya daina fita ko ƙofa. Abin da ke cin sa, in ji ƙanwarsa, wato matata, shi ne ya fara shakkar kansa: ko dai da gaske tsufa ne ya kama ƙafar bai sani ba? Matata ta dube ni ta ce, tunda shekara da shekaru ina ɗumama wa Baba benci, yau rana ce da zaman zai yi amfani. Na je na kwashe labari na gaya masa. Ya ce a kawo masa motar, da direban, da mai motar, su ukun tare, kuma da rana, kada a zo masa da safe.

Mai Ƙwai ta zo ne don girman Baba, fuskarta ta nuna haka. Ta zauna a ƙarshen benci da jakarta a cinya. Sannu-Sannu ya tsaya daga nesa yana murza hularsa. Baba ya zuba wa kowa shayi, ya sa direban ya ba da labari daga farko, bai katse shi ba ko sau ɗaya. Da ya gama sai ya yi masa tambaya guda.

"Ɗan'uwa, injin ne ya fara mutuwa, ko birkin ne ya fara ƙi?"

Sannu-Sannu ya ce jajayen fitilun gaban sitiyari ne suka fara kamawa, sannan ƙafarsa ta ci karo da dutse.

Baba ya ɗaga murfin inji ya kira mu. Ya nuna mana wata baƙar tukunya da ke manne a bayan inda birki yake, mai kama da kwano biyu da aka kifa wa juna, ya ce ita ce busta. Daga jikinta wani baƙin tiyo ya tafi ya shiga inji. Muddin inji yana aiki, in ji shi, yana zuƙe iskar da ke cikin tukunyar ta wannan tiyon, kuma wannan zuƙar ce ke taya direba danna birki. Ƙafa umarni kawai take bayarwa, inji ne ke yin dakon. In inji ya mutu, akwai wani ɗan bawul a bakin tukunyar da ke riƙe sauran zuƙar, yadda direba zai samu taku ɗaya ko biyu masu laushi ya tsaya. Ni na gyaɗa kai sosai, kamar dama abin da nake zargi ke nan.

Sai ya shiga mota, ya tuɓe takalmin dama, ya lumshe ido, ya taka. Muka jira. Ya sake takawa. Ya daɗe a zaune fiye da yadda na taɓa gani, har mai faci ya dube ni. Da ya sauko bai je wajen inji ba, ya zo ya tsaya a gabanmu yana dafe da ƙofar motar. Ya ce akwai abin da bai gaya wa kowa ba sai mai ɗakinsa. Ciwon suga ya taɓa masa ƙafa, watanni ke nan tana ji kamar an sa mata safa mai kauri, likita ma ya hana shi yawo ba takalmi. Ya ce ya yi ta lallaɓawa da kunne da ido, da taimakon Dogo, abokin aikinsa na shekaru, wanda yake sa wa ya taka ya gaya masa.

"Amma yau mutuncin mutum ne a kan birkin nan," ya ce. "Ba zan ba da shaida da ƙafar da ba ta ji ba."

Sai ya juya wajen Mai Ƙwai ya ce ya san ita ta fara tuƙa motar nan da kanta tun kajinta ba su cika ɗaki guda ba, don haka ta taimaka ta tuɓe takalminta na dama ta shiga.

"Ni, Baba? Ga direba nan, ga Dogo nan."

"Direba ya riga ya ji, 'yata. Ke ce ba ki ji ba."

Ta ajiye jaka, ta tuɓe, ta hau. Ya ce ta yi ta taka birki inji yana kashe har ya yi tauri, ta riƙe shi a danne, sannan ta tayar. Tana tayarwa birkin ya ɗan nutse a ƙarƙashin ƙafarta, alamar inji ya kama aikin tayawa. Ta ce to ai ga shi nan lafiya lau, abin da aka gani ran nan ke nan. Na dubi Sannu-Sannu, na ga kafaɗunsa sun sauka. Baba ya ce wannan gaisuwa ce kawai aka yi da motar. An gwada ta da sanyin safiya ba kaya, alhali ita da zafin rana da lodi ta yi laifin. A mayar da ita halin da take ciki a ranar, a sake tambayarta.

Ba mu da ƙwai, don haka ya duba bencinsa. Ni, da mai faci, da wani tela mai jiki da ya zo karɓar babur ɗinsa, aka ce mu hau baya, aka ƙara da tsofaffin tayoyi. Duk tsawon zamana a garejin nan, wannan ce rana ta farko da aka nemi taimakona a kan aiki, kuma a matsayin buhu. Na karɓi muƙamin da hannu biyu.

Akwai wani fili a bayan gareji, shimfiɗaɗɗe, ba kowa ba komai. Sannu-Sannu ya yi ta zagaya shi da mu har allurar zafi ta hau, har tela ya fara tambaya ko akwai tasha a gaba. Sai muka fara ji: duk lokacin da ya ɗaga ƙafa daga totur, injin sai ya yi tari, motar ta girgiza kamar mai jin sanyi. Baba ya tsayar da shi ya ce kada ya kashe. Ya ɗauko wani guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗaya bakin yana bin jikin inji da shi a hankali. Ƙafa ta gaza, amma kunnen yana nan. Ya tsaya a daidai inda tiyon busta ya shiga inji, ya miƙa wa Mai Ƙwai ta saurara. Ta ce tana jin wani siririn huci. Ya lanƙwasa tiyon da yatsa, sai ga tsaga ta ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa. Da sanyi robar takan ƙame ta rufe bakinta. In ta yi zafi sai ta saki, inji ya riƙa shaƙar iskar waje ta nan, ƙarfinsa na tsaye, wanda makanikai ke kira silo, ya faɗi, har ya mutu. Sannan ya zare ɗan bawul ɗin ya hura ta nan, iska ta wuce, ya juya ya hura ta can, ta sake wucewa. Ya ce mai lafiya ta hanya ɗaya kawai yake bari. Wannan ya daɗe da yin ritaya bai sanar da kowa ba.

Ni a ganina magana ta ƙare. Baba ya ce da saura, don Mai Ƙwai ta gani ta kuma saurara, amma ƙafarta ba ta ji ba tukuna. Ya mayar da komai yadda yake, ya zauna a gefenta, hannunsa a kan birkin hannu, ya ce ta ja a hankali, tafiyar mai ƙafa, ta nufi tsakiyar fili. Mu buhuna muna baya. Ta ja, ya ce ta ɗaga ƙafa. Injin ya yi tari biyu ya yi shiru. Ya ce taka.

Ta tagar baya na ga ta taka, na ga ta miƙe daga kujera ta dafa sitiyari ta danna da duk nauyinta, motar kuwa tana ta gangarawa abinta, da ƙyar take rage tafiya. Baba ya ja birkin hannu. Tela ya faɗo a kaina, kuma har yau kafaɗata tana tuna shi in hadari ya haɗu.

Baba ya gaya wa Mai Ƙwai a hankali cewa birkin yana nan, sabo ne, kuma wanda ya sa shi ya yi aiki mai tsabta, ba wanda ya ba shi labarin inji ne. Sai dai in inji ya janye hannunsa, ƙafa ɗaya ba ta isa ta tsayar da lodi a gangare cikin ɗan wuri ba. Ya ce da wani mai gudu ne a kan motar ranar, da ba ƙwai kaɗai za a share ba.

Ta sauko, ta manta da takalminta, ta taka ƙasa mai zafi har inda Sannu-Sannu yake tsaye. Ta miƙa masa mukulli da hannu biyu.

"Malam, ka faɗa mini gaskiya na ƙi ji. Ka yafe ni."

Ya ce ba komai, ranki ya daɗe, ya sake cewa ba komai, sannan ya juya yana goge fuska da hula wai zufa ce. Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba: sabon tiyo, sabon bawul, aka daidaita silo. Abin da ya kusa raba mutum da abincinsa da sunansa duka zai shige aljihun riga.

A ƙarshen watan Baba ya miƙa wa Dogo mukullin gareji. An roƙe shi ya zauna ko don kunnensa, ya ce zai riƙa leƙowa shan shayi, amma ba zai ƙara sallamar mota a kan birkin da bai ji da kansa ba.

Baba, kai ne ka koya wa unguwa guda cewa mota jiki ɗaya ce, abin da ya taɓa inji yana iya fitowa a ƙafar direba. Kai ne kake sauraron mutum har ya gama kafin ka ɗauki sifana. Kai ne ka tsaya a gaban jama'a ka tona ciwonka, wanda ba wanda ya tambaye ka, don kada wani ya tafi gida da sunan maƙaryaci. Da ka lumshe ido ka ce ka ji, wallahi duk da mun yarda, don ba mu taɓa kama ka da kuskure ba. Mai tafin ƙafa na gaskiya, ka ƙi cin wannan amanar. Mutane nawa ne suke zaune yau cikin iyalinsu, ba su ma san cewa wata rana wani tsoho ya tuɓe takalmi saboda su ba?

Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba ƙafar nan lafiya, ya sa hutun ya yi daɗi. Ku kuma masu gyara, manya da ƙanana, ba na ce kowa ya tuɓe takalmi ba, ƙusa tana da zafi. Amma in direba ya kawo muku ƙorafin birki ya haɗa da tarin inji, kada ku ce ya bar hanya. Ku bar shi ya gama, ku gwada motar a halin da ta yi laifin, kuma ranar da wani abu a jikinku ya daina gaya muku gaskiya, ku faɗa. Masu mota, ku ma ku ji ta bakin wanda ke zaune a kujerar kafin ku karɓi mukulli.

Kamar kullum, a ranar ma takalmin Baba na dama ya bi motar ƙwai gida. Sannu-Sannu ya riƙe shi har ranar da Baba ya yi sallama da gareji, ya zo da shi a goge, tare da kiret guda daga Mai Ƙwai, ko ɗaya bai fashe ba. Baba ya miƙa hannu zai karɓa, direban ya ƙi ba shi. Ya durƙusa a gaban benci da farin gemunsa, ya ɗaga ƙafar da ta daina ji, ya kakkaɓe mata ƙasa, ya sa mata takalmin, ya ɗaure igiyar tam.

"Baba, wannan karon a bar shi a nan," ya ce. "Mu za mu riƙa cire namu."

Baba ya tashi ya nufi gida da takalmi biyu. Mai faci ya bi shi da kallo har ya sha kwana, ya ce shi dai da daga baya ya hango shi, da bai gane tafiyar ba.